Shekarar da Na Ƙi Yanke Ƙafar Adaka

Ku biyu nake rubuta wa wannan babi, kai babba da har yau ba na kama sunanka, da ke Nafisa. Jikoki in sun so su karanta, amma ba da su nake ba. Na san abin da kuka tashi kuna ji a Bagudo, domin ni ma ya sha dawowa kunnena: wai uwarku ta bar 'ya'yanta saboda akwati. Masu son ba da dariya har gyara shi suke yi, su ce saboda ƙafar akwati. To maganar ƙafa gaskiya ce, ba zan musa ba. Abin da ba a gaya muku ba shi ne yadda aka yi ƙafar katako ta raba mace da ɗakinta da 'ya'yanta. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Amma ni ma ba zan kwanta dama da labarin da wasu suka ɗinka mini ba, alhali ina da baki kuma hannuna yana riƙe biro.

Kun san ni 'yar ƙetare ce. A ƙasar Benin aka haife ni, a wani ƙauye da bai yi nisa da iyaka ba, cikin Dendawa 'yan'uwan waɗanda ke wannan gefen. Mu da muke yara ba mu san akwai wata iyaka ba, sai dai mu ga kuɗi ya canza kala. Baba, kakanku, aikinsa adaka, wato babban akwatin katako da mata ke ajiye suturarsu. Da itacen maɗaci yake yin ta, wanda gara ba ta so saboda ɗacinsa. Abin da ya bambanta tasa da ta kowa shi ne ƙafa. Ba ya yin akwati sannan ya liƙa masa ƙafa. Dirkoki huɗu yake fara tsayarwa, kowace daga itace guda, su tashi tun daga ƙasa har bakin murfi, sannan ya shigar da allunan a tsakaninsu. Ƙafar ita ce jikin, jikin shi ne ƙafar. Kuma ba ado ba ne. Duk wanda ya zauna a bakin kogin Kwara ya san damina: ƙasan ɗaki ya yi ta tsattsafo, wata shekarar ruwa ya shigo har idon sawu ya kwana biyu ya fita. Mace a wajenmu ba ta da asusu a banki, zannuwanta su ne dukiyarta. Atamfar aurenta, saƙin da uwarta ta bar mata, wanda za ta sayar in yaro ya kwanta ciwo, duk suna cikin adaka. Tsayin ƙafar nan, da bai fi taƙi guda ba, shi ne tsakanin dukiyar mace da laka.

Da na auri babanku na zo Bagudo, sai na kama sana'ar da na iya. Nakan je gida in ɗauko adakokin Baba a mota, in biya kuɗin fito a kan iyaka, in kawo kasuwa. Matan Kende da Kurgu da Zagga duk sun san ni, 'yar mai adaka suke ce mini. Babanku shi ma kafinta ne, kuma hannunsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa ya sheda. Sai dai a wannan gefen maɗaci ya yi wuya, katakon da yake samu mai laushi ne, ba ya jure danshi. Aikinsa ya koma gyaran ƙofa da bencin makaranta, wani lokacin a yi mako zarto bai yi kuka ba. Bai taɓa ce mini komai ba a kan cewa cefanen gidan ya fi fitowa daga hannuna, ni ma ban taɓa goranta masa ba. Amma ina ganin yadda yake sunkuyar da kai idan motar kayana ta tsaya a ƙofar gida.

A shekarar da nake ba ku labari, kai babba kana firamare, Nafisa kuma ba a daɗe da yaye ta ba. Da rani na ɗauko kaya kamar kullum, muka iso shingen 'yan kwastan. Sai na tarar da wani ofisa baƙo, dogon mutum mai magana a hankali, Hausarsa irin ta gabas. Ya zagaya motar, ya ce a sauko da guda ɗaya. Aka sauko. Ya buɗe murfi, ya shinshina, ya rufe.

"Malama, wannan ba zai shiga ba," ya ce.

"Ranka shi daɗe, adaka ta. Shekara da shekaru nike wucewa da ita nan, ina biyan hito."

"Na san adaka, mahaifiyata ma tana da ita. Amma ni ba sunan da ake kiranta a gida nake dubawa ba. Duk kayan da ya zo nan sai na sa shi a layinsa, kowane layi da hukuncinsa. Akwai layin akwatin tafiya, wanda ake ɗauka a ka ko a riƙe a hannu. Wannan a biya fito a wuce. Akwai layin kayan ɗaki: gado, kujera, kabad, duk abin da aka yi don a girke shi a ƙasa ya zauna. Wannan yanzu an hana shigo da shi, don kafintocin gida su samu aiki."

"To mi yas sa wagga layin gado? Wa kat taɓa gani kwance bisa adaka?"

Bai yi fushi ba. Ya durƙusa a gaban jama'a, da kakinsa da komai, ya dafa ƙafar adakar.

"Ga shedarta nan. Abin da aka yi wa ƙafa huɗu, an yi shi ne don ya tsaya wuri guda. Ki gaya mini gaskiya, wanda ya yi ta don tafiya ya yi ta?"

Ni da ba a kayar da ni a magana a kasuwa, ranar nan an kayar da ni, domin gaskiya mutumin ya faɗa. Baba bai taɓa yin adaka don a yi yawo da ita ba. Na yi ta zuba duk da haka, na kawo damina, na kawo gara, na kawo matan Kurgu. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce duk abin da na faɗa ƙara tabbatar masa yake yi cewa kayan ɗaki ne. Bai ƙwace ba, bai kuma nemi komai a hannuna ba. Ya ce in mayar da kayana inda na ɗauko su. Na juya da mota cike, raina a ɓace, ina zagin layin da ban taɓa gani ba.

Ba a yi wata ba 'yan kasuwa suka samo hanya. Wani falke na Zagga ne ya fara. Tunda ƙafa ce sheda, sai a cire shedar. Kafin a iso shinge, a ƙarƙashin wata bishiya a can gefen, aka samu masu zarto. A kwantar da adaka a yanke ƙafafun nan huɗu daidai da gindi, a buga mata hannun ƙarfe a gefe da gefe, ta zama akwatin ɗauka. Ofisa ya duba ya ga ba ƙafa, ga hannu, ya sa ta a layin akwati, a biya a wuce. Ƙafafun kuma su biyo baya a buhu a matsayin guntayen itace. To wa zai mayar da su? Sai kafinta mai hannu mai kyau. A Bagudo kuwa an san wane ne.

Zauren gidanmu ya cika da adakoki marasa ƙafa, an jera su har saman kai. Babanku yakan shafa gam, ya kafa ƙafar, ya buga doguwar ƙusa ta cikin gindi. Sai ya kwaɓa garin katako da gam ya cike layin yankan, ya goge, ya bi da fenti mai ruwan ƙasa. In ya gama, wallahi sai ka rantse daga itace guda ta fito. Kuma bari in faɗa muku abin da masu ba ku labari ba su sani ba: na yi murna da ganinsa haka. Mutumin da yake wuni shiru ya koma yana waƙa a bakin aiki. Ya yi wa kansa sabuwar riga, ya shigo da nama a hannunsa yana kiran sunana tun daga zaure. Duk matar da ta ce ba ta son ganin mijinta ya ɗaga kai, ƙarya take yi.

Wata rana da hantsi na kai masa fura, ya ajiye guduma ya ce:

"Hamsatu, kayanki na can gidan Baba suna shan ƙura. Ki sa a yanko su in yi miki. Ko shi Baba ba ya gane inda anka yanke."

"Malam, in Baba bai gane ba, ruwa na ganewa."

Ya yi dariya, ya ce taurin kaina gado ne. Muka bar maganar a nan. Ni dai na ƙi yankewa, sana'ata ta tsaya, na koma turara shinkafa ina sayarwa a gida. Ban hana shi aikinsa ba, ban kuma ce wa kowa komai ba. Na ce a raina kowa da hannunsa, ni dai nawa ba zai taɓa zarto ba. Da a nan abin ya tsaya, da a ɗakina na tsufa.

Damina ta zo da ƙarfi a shekarar. Kwara ta cika ta shiga fadamu, ta shiga ƙauyukan bakin ruwa. Mutanen Kurgu suka yi abin da suka saba: su ɗauki yara da hatsi da awaki su hau tudu, su bar adakoki a ɗaka, tunda ruwan ba ya wuce ƙafa. Bayan ruwa ya janye, wata tsohuwa ta yi sallama a gidanmu da babban kwano a ka. Inna Zali ake ce mata, na taɓa sayar wa 'yarta adaka a shekarun baya. Ta wuce babanku a zaure ba ta san ko wane ne ba, ta iske ni a tsakar gida ina shanya shinkafa. Ta sauke kwanon, ta zauna a ƙasa, ta ƙi tabarma.

"Ke ta ɗiyar mai adaka ko?"

"Ni ta, Inna."

Ta fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Atamfofi sun manne da juna, rininsu ya zuba, sun yi baƙin funfuna, wari ya cika gidan. A ƙarshe ta fito da wani farin yadi da ya koma kalar laka, ta shimfiɗa shi a cinyarta tana shafawa.

"Wanga likkahwanina na. Ɗana yak kawo min shi daga Makka, an tsoma shi zamzam. Shi ɗan nawa ya rasu bara. Na wanke, na sake wankewa, bai hita ba."

Sannan ta kwance bakin zanenta ta ajiye mini guntun itace da ƙusa a jiki, a lanƙwashe. Danshi ya saki gam ɗin, nauyin kaya ya karya ƙafa biyu na gefe guda, adakar ta kife a cikin ruwa. Na ɗauki guntun na juya shi. Itacen na Baba ne, domin fatake ma a wajensa suke saro kaya. Fentin kuwa na san shi, domin a tsakar gidan nan ake dama shi.

"Ni ba hwaɗa niz zo yi ba," in ji ta. "Bana nis saye ta, sabuwa, don an ce ta babanki ta. So nike in sani, shi ma ya lalace na?"

Guduma ta yi shiru a zaure. Na san babanku yana ji. Na jira ya shigo, ko ya yi gyaran murya, ko ya ce wa tsohuwar nan sannu. Bai shigo ba. Na ce mata Baba bai lalace ba, yanke ta aka yi a hanya. Ta dube ni ba ta gane ba, sai da na nuna mata layin zarto da farcena. Ta mayar da kayanta cikin kwano ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba. Ni kuma na zauna na yi kuka, kukan haushi, ba na tausayi kaɗai ba.

Da ya shigo cin abincin rana na yi masa magana, kuma Allah ya sani da ladabi na fara. Ban ce ya bar aikin ba. Na ce ya ci gaba da mayar da ƙafa, amma ya daina rufe layin da fenti, don mai saye ta ga yankakkiya ce, ta san ba za ta bar ta a ruwa ba.

"In na bar shi hili wa za shi saye?" ya ce. "Masu kaya ba ƙusa suka biya na ba, ɓoyon suka biya."

"To ai ka hwaɗi da bakinka, Malam."

"Ruwan bana na, ba kullum aka yin irinai ba. Ki bar maganag ga, Hamsatu. Ba ni niy yi doka ba, ba ni niy yanke ba. Karo na hwarko da nika ciyad da gidana da hannuna, shi za ki tsaya ma a wuya?"

Wannan magana ta shige ni, har yau tana nan. Amma ita ma tsohuwar tana nan. Ranar kasuwa na ɗauki guntun ƙafar nan na je layin masu adaka, na zauna a kan wani dutse. Duk matar da ta tsaya tana taya kaya, sai in kira ta in ce ta karkata adakar, ta sa farce a inda ƙafa ta haɗu da gindi ta kankare. In garin katako ya zubo, yankakkiya ce. Masu kaya suka taso mini, wani ya ce mahaukaciya, wani ya ce baƙin ciki nake yi don tawa kasuwar ta mutu. Na ce in ƙarya nake yi su bar mata su kankara. Ban ambaci sunan babanku ba ko sau ɗaya. Amma wa ke Bagudo da bai san zauren da fentin nan ke fitowa ba? Kafin kaka ta shigo, adakoki sun daina zuwa gidanmu, zarto ya sake yin shiru, gidan ma ya yi shiru.

Na je gida wajen Baba ina zaton shi kam zai ce na kyauta. Yana zaune a bakin aiki, ya tsufa, idonsa ya fara rauni. Ya saurare ni, sannan ya amsa da Dendanci, ga fassararsa:

"Ɗiyata, itace ne. Ni da na sassaƙa shi ban ce ki kashe aurenki a kansa ba. In sun ce a yanke, ki yanke. In ma so suke in daina yin ƙafar, sai in daina."

Na ce masa ba don shi nake yi ba. Ya ce to don wa? Na ce don wadda za ta hau tudu ta bar kayanta a ɗaka ta yi barci da ido biyu rufe, tana ganin ta dogara da abin dogaro. Ya girgiza kai ya ce tun ina yarinya haka nake, in na kafe ko jaki sai ya sallama mini. Kun ga ke nan har ubana bai goyi bayana ba, kada wani ya ce muku zuga ni aka yi.

A hanyar dawowa na tsaya wajen ofisan nan. Ya gane ni, har ya yi murmushi ya ce ko na zo mu ƙarasa muhawara. Na ce tambaya na zo yi. In mace ta ƙetara da ƙafarta, da ƙunshin tufafinta, ta sayi adaka guda don ɗakinta, ta zuba kayanta a ciki ta dawo, wane layi zai sa ta? Sai ya ce:

"Mace ɗaya da adakarta ɗaya da tufafinta a ciki, kayan amfanin kanta ne, ba fatauci ba ne. Amma in na ga lodi, ko na ga fuska ɗaya tana ta dawowa, mun koma layin farko."

Abin da na kama ke nan. Duk ranar kasuwar can gefen sai in tara masu so, mu cika mota, kowace da ƙunshinta. In kai su har gaban Baba su zaɓa da idonsu, su kankara in suna so, mu dawo kowace da tata a tsaye da ƙafafunta. Ban ɓoye komai ba, ta gaban shinge muke wucewa da rana tsaka. Sai gari ya ɗauka: ga matar kafinta can tana kwashe mata tana kai su ƙetare, don kada su sayi abin da ya bi ta hannun mijinta. A majalisa aka fara yi masa ba'a. Wannan ba'ar ce ta fi rashin aikin yi masa ciwo, na sani.

Goggonku Hauwa, yayarsa da ke zaune da mu tun rasuwar mijinta, ita ta same ni a madafa. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa cuta mini ba, kuma ba na so ku ji wani abu dabam daga bakina.

"Hamsatu, kin yi gaskiya, kowa ya sani. To ta isa hakanan. Namiji na iya haƙuri da yunwa, ba shi iya haƙuri da dariya. Ki dubi ɗiyanki. Matan Kurgu ba su zuwa su yi miki renonsu."

"Yaya, in na bari yau, gobe zauren ga na sake cika. Ke kin san hakanan."

"Shi cika mana. Ke anka aiko ki tsare duniya?"

Ba wanda ya aiko ni. Na dai ga abin da na gani a cinyar tsohuwar nan, kuma an yi shi a gidan da nake kwana.

Ranar da abin ya faru, da safe ne. Mata suna jirana a tasha, cikinsu har da Inna Zali, wadda jikokinta suka haɗa mata abin sayen wata. Na yi wanka na yafa mayafi. Na iske babanku tsaye a bakin zaure, ba guduma a hannunsa, Goggo Hauwa tana bayana da Nafisa a kafaɗa.

"Ina za ki?"

"Ka sani, Malam."

"Ban yarda ba. In kin hita yau, kin hita ke nan."

Bai ɗaga murya ba. Idonsa ya yi ja, kuma na ga ba ya so in fita, ba don adaka ba, don kada ya zama dole ya cika abin da ya faɗa. Na san nauyin maganar miji, ba a daji aka rene ni ba. Na tsaya na dube shi, na dubi Nafisa tana wasa da ɗankunnen goggonta. Da ya ce mini ya daina fentin nan, wallahi da na cire mayafin a wurin. Na tambaye shi, ya kawar da kai. Sai na ce ya ba ni hanya, mutane na jirana. Ya matsa.

Da la'asar na dawo, ya furta sakin a gaban yayarsa, saki ɗaya. Cikin idda ya aiko ta wajena ba sau ɗaya ba, saƙon kuma bai canza ba: in ce na bari, in dawo ɗakina. Ni ma amsata ba ta canza ba: ya ce ya bari, in dawo a ranar. Kowa ya jira ɗan'uwansa ya sunkuya har idda ta cika. Ba ni da kowa a Bagudo, dole na koma gidan Baba. Na roƙi a ba ni ko Nafisa, babanku ya ce 'ya'yansa ba za su tashi a wata ƙasa ba, dattawa kuma suka ba shi gaskiya. To ku ji da kyau: ban bar ku ba, hana ni ku aka yi. Amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba. Na san haka za ta iya faruwa tun ina tsaye a bakin zauren nan, kuma na fita.

Nakan zo ganinku duk lokacin da na shigo gari, Goggo Hauwa ta shigar da ni ta ƙofar baya in babanku ya tafi masallaci. Kai babba kakan gaishe ni ka fice, ban ga laifinka ba, kai ne kake jin ba'ar a makaranta. Nafisa kuwa da farko takan rugo. Daga baya ta koma tahowa a hankali. Wata rana na zo da ƙosai a hannu, ke Nafisa kina wasa a tsakar gida, kika yi tuntuɓe kika faɗi. Ni da goggonki muka miƙe tare. Kika tashi kina kuka kina kiran Inna, kika wuce ni, kika faɗa jikinta. Ta dube ni, ta rasa inda za ta sa idonta. Na ce ta rarrashe ki, ai ke kika san wadda kika kira. Na ajiye ƙosan na fita, na yi tafiya har tasha ban ga hanya ba.

Wannan shi ne abin da na biya, kuma babu ranar da ba ya yi mini ciwo. In wani ya ce muku uwarku ba ta damu ba, ƙarya ya yi. In wani ya ce muku ta yi nadama, shi ma ƙarya ya yi. Da za a mayar da ni bakin zauren nan, da mayafina a ka, da matan nan a tasha, zan sake tambayar babanku ko ya daina, in ya kawar da kai in sake cewa ya ba ni hanya. Ba gafara nake nema da wannan rubutu ba, domin ban ga abin da za a gafarta ba. So nake ku san abin da aka ɗora mini a sikeli, ku daina sunkuyar da kai in an yi dariyar.

Ke Nafisa, kin girma, kin yi aure, kina zuwa gaishe ni da sallah da turmin atamfa, Allah ya yi miki albarka. Kina durƙusawa har ƙasa ki ce, "Hajiya, ina wuni." Haka masu sayen adaka suke ce mini. Ina amsawa, kuma zan ci gaba da amsawa har in mutu, ba zan taɓa roƙonki ki canza ba.